Hannun da Ke Sa Waya Kuka

A Katako na tsince ta, cikin tarin ƙarafa,
tsakanin kan famfo da matacciyar fitilar babur:
gadar jita mai hannu, tsatsa ta lashi gefenta.
Mai kayan ya ce jika tara. Na yi dariya.
Ya ce, "Kai me ka sani a kanta?"
Na ce na san kukan da take ɓoyewa.
Muka rabu a jika shida, da noti uku gyara.

Jitata ja ce, gadon kawu Nomau.
Ta ci bukukuwa daga Bukoki har Talaje,
har fenti ya koɗe inda damtsensa ke kwanciya.
Muryarta miƙaƙƙiya ce kamar hanyar Doso.
Ni kuwa lanƙwasa nake nema,
irin ta goge in baka ya tafi ya dawo,
irin ta Inna in ta kira ni ta bayan katanga,
ƙarshen sunana yana rawa kafin ya sauka.

Arzika mai gyaran keken ɗinki ya yarda ya huda ta.
Ya auna da zare. Ya sake aunawa.
Ya ɗiga alli wuri huɗu,
ya ce, "Rami ba ya komawa itace, ka dai sani."
Na juya baya ina kallon mai shayi.
Da injin ya shiga jikinta
a haƙorina na ji shi.
Garin katako ya zubo fari tas,
ashe duk jan nan a fata ya tsaya.

Muka kwance tsofaffin kunnuwa shida,
biyu sun daɗe da kurumcewa,
ɗaya kawu da filaya yake murɗa shi.
Sababbin suna juyawa sumul kamar an shafa man shanu.
Matashin wayoyi na roba ya tsage,
Arzika ya fere wani daga ƙashin raƙumi
da ya roƙo wajen mahauci,
ya goga bakin fensir a kowane tsagi
don waya ta zame, ta koma gidanta ba gardama.
Wata ƴar siririyar waya ya liƙa da dalma a ƙarƙashin gada,
ya ce ita ke shanye ƙugin sauron amfili.

Sai da muka ɗaura, muka ja, muka daidaita,
na danna hannun sau ɗaya,
duka shidan suka watse kamar awaki.
Muka sake. Suka sake.
Ƙarfe ma sai ya saba da maƙwabcinsa.

La'asar ta wuce kafin su yi biyayya.
Na jona igiya, na ɗaga yatsa,
kuran ya ɗauke.

Arzika ya yi tsaki, ya tafi alwala.
Na zauna bisa benci, jita a cinya, ba wuta,
na kama sauti ɗaya, na kwantar da hannun a hankali,
na sake shi.
Ƙaramar murya, da ƙyar ta kai kunnena,
ta sunkuya, ta ɗago, ta yi makyarkyata
kamar hasken gada a kan ruwan Isa.

Kawu bai taɓa jin ta haka ba.
Wataƙila da ya ce na ɓata masa kaya.
Tsohuwar gadar tana aljihuna,
gumin tafinsa ya mai da ta baƙa.
Mai gwangwan ya taya ta dala ashirin.
Ban sayar ba.